Rasuwar 'Yar Tsegumi ta Jikin Akwatin Ƙarfe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, ni tsohon mai gadin garejin gyaran manyan motoci nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, 'yar alamar nan da ke manne a jikin akwatin ƙarfe na kayan aiki, wadda kanikawa suka raɗa wa suna 'Yar Tsegumi.

Marigayiyar ba ta fi kwalin ashana girma ba. Ba ta cin abinci, ba ta neman caji, ba ta taɓa karɓar na goro ba. Duk wanda ya tunkari ƙofa da akwatin nan, na'urar ƙofa za ta kira ta, ita kuma ta amsa, sai ka ji "ƙiit!" Ko maigida ne ya ɗauko, sai ta tona shi. Abinta ɗaya, tana zaune ne a kan 'yar katifar soso mai kauri, wadda ta raba ta da ƙarfen.

Ciwon ajali ya same ta ranar da ƙanen maigida, mutum mai son tsafta, ya yi wa akwatin fenti. Ya ga soson ya yi baƙi da gris, ya sa wuƙa ya kankare shi tas, ya shafa gam ya manna baiwar Allah a kan ƙarfe tsirara. Kowa ya yaba. Har ni na yaba, don ta yi kyau ƙwarai. Tun daga ranar ba ta ƙara cewa uffan ba.

Ranar Litinin akwatin ya fita ta gabana shiru. Ranar Talata aka tsince shi bayan katanga, babu ko sifana ɗaya a ciki.

Mai gyaran na'ura da ya duba gawar ya ce siririyar wayar da ke cikinta ita ce kunnenta da bakinta, kuma in ta kwanta a jikin ƙarfe, ƙarfen ne ke shanye kiran. Soson nan shi ne numfashinta. Maigida ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya kore ni. Ƙane ai ba a korarsa.

Ta rasu ta bar akwati fanko mai sabon fenti, da na'urar ƙofa da ke ta kira babu amsa, da ni, da 'ya'yana da ke tambaya me ya sa Baba yake gida da rana.

Da na koma garejin kwashe kayana, na ɓamɓaro gawar na sa a aljihu. Ina zuwa ƙofa, da yake ta rabu da ƙarfe, sai ga "ƙiit!" da ƙarfinta. Sabon mai gadi ya tare ni, ya caje ni a gaban kowa, bai samu komai ba sai gawar, ya bar mini ita.

Za a binne ta gobe da hantsi a bayan katanga, inda aka tsinci akwatin, tunda an hana ni shiga ciki. Masu zuwa ta'aziyya su bar wuƙa da fenti a gida. Wanda ya san inda ake neman mai gadi, ya zauna kusa da ni.