Ranar da Dusa Za Ta Sauko a Danchadi

Allah Ya ja zamanin taubashina Zaharaddeen, Farfesa Hadari, mutumin da girgije ba ya gittawa ta Bodinga sai ya tsaya ya gaishe shi. Ɗan kwas ya yi a Sakkwato, ya dawo da kwamfuta da tabarau. Tun daga nan ko atishawa ka yi, sai ya faɗa maka yawan raɓar da ke cikinta.

A kwamfutar akwai manhajar da ke kwaikwayon sararin sama. Ta haɗa girgije, ta juya iska, ta lissafa ko ɗigo zai faɗo ruwa ne ko zai daskare a hanya. Masu ita wahala suka sha. Farfesa kuwa maɓalli ya danna, sai ya koma tafiya kamar shi ya ƙera damina.

Ana tsakiyar bazara, ƙadangare ma na neman inuwa, ya tara mu ƙofar gida.

«Jama'a, ku natsu, ilimi zai yi magana. Bisa nazarina, ran Alhamis dusar ƙanƙara za ta sauka Danchadi!»

Kawu Musa, mai kiwon rago ɗaya tilo da yake tattali don layya, ya miƙe.

«Mi kac ce? Dussa? Daga bisa?»

«Har gwiwa, Kawu.»

«Da ƙanƙara cikinta?»

«Kimiyya ba ta wasa.»

Farfesa ya san fari-farin nan ne na ƙasashen sanyi. Amma ya ga ana kabbara, ina zai ɓata wa kansa taro da bayani? Kawu ya fasa zuwa kasuwar Shagari sayen dusa. Ya share tsakar gida, ya baza tabarmi da buhuna, har da randa ta tarar ƙanƙara.

Alhamis ta zo da rana mai soya ƙwai. Rago ya lashe kwano, ya ci igiya, ya fara duban tabarma. Farfesa ya leƙa kwamfuta, gumi na ɗiga daga tabarau. Ashe tun da ya sauko da manhajar bai sauya mata gari ba, tana can ƙasar waɗanda suka ƙera ta.

Ya gyara murya.

«Alhamdulillahi, hasashena ya tabbata. Dusa ta sauka. Wuri ne kurum ya ɗan goce.»

Kawu ya kwanto ragon, ya danƙa wa Farfesa guntun igiyar.

«Madalla, Farfesa. Kai kas san hanya. Kai shi can shi ci.»