Safar da Ba Ta da Dunduniya

Ba zan taɓa mantawa ba da Litinin ta farko bayan Kirsimeti, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, a ƙofar wata tashar mota da ke Bolari. Ina tare da surukata Rahila. Shekarun nan ne da bama-bamai ke tashi a Gombe, lokacin da ko coci mutum zai shiga sai an lalube shi. Autana Ishaku, mijin Rahila, soja ne. Hutunsa ya ƙare, zai koma bakin aiki a Borno.

Ya kamata mai karatu ya san irin matar da nake. Turawan mishan ne suka koya mini saƙa da rula a hannu, ni ma da irin wannan rular na koyar har na yi ritaya. A wurina saƙa iri biyu ce: wadda take daidai, da wadda za a warware. Matan zumuntar cocinmu a Herwagana sukan cusa aikinsu cikin zani idan suka hango ni (a da na ɗauka girmamawa ce).

Ishaku ya ce sanyin ramin gadi yana cin ƙafa. Rahila ta zauna ta saƙa masa safa, ta kawo mini saura mako guda ya tafi. Na duba, na ga ta yi su a miƙe, babu dunduniya.

Na ce, "Wannan safa ce ko buhun gyaɗa?"

Ta ce, "Mama, ai cikin takalmi za ta zauna. Wa zai gani?"

"Ni na gani."

Na kama bakin zaren na ja, tana tsaye, har safar biyu suka koma curin ulu. Ta taya ni naɗewa.

Ga yadda aka koya mana. Za ka saƙa safa a miƙe, amma inda dunduniya za ta fito sai ka ratsa layi ɗaya da jan zare. Idan ka gama, ka zare jan zaren, ka kwashe idanun saƙar da suka buɗe a kan gajerun kibiyoyin saƙa huɗu, ka saƙa dunduniyar. Haka ake fitar da babban yatsa a safar hannu, haka ake fitar da aljihu a rigar sanyi. Kibiyoyina na ƙarfen ƙafar keke ne, marigayi maigidana ya fiƙe mini su. Cikin safar kuma nakan tura mataccen ƙwan lantarki don in ga zaman dunduniyar.

Na kama saƙa safar da kaina. Ta farko ta kammalu. Ta biyu ma ta kusa, sai na hango ido ɗaya a karkace ranar Asabar da yamma, na warware dunduniyar gaba ɗaya. Gari ya waye Lahadi, ni kuwa tun ina yarinya ban taɓa riƙe kibiya ranar Ubangiji ba. Rahila ta roƙe ni in ba ta ta ƙarasa. Na ce dokar ba ta ware surukai ba.

Saboda haka ranar Litinin Ishaku ya riga mu zuwa tasha don ya kama wuri, mu kuma muka biyo shi a keke napep, ina saƙa keken yana girgiza. Da muka iso na tura aikin cikin jaka yadda yake.

A ƙofa wani saurayi ɗan sintiri ya goga wa jakata na'urar bincike, ta yi ƙara. Ya leƙa. A yi masa adalci, ga abin da ya gani: dunƙulallen abu mai tauri a cikin koren ƙyalle, ƙarafa huɗu sun tsire daga jikinsa, ga jan zare yana reto.

Ya ja da baya ya ce, "Baba, ajiye jakar nan a ƙasa."

Mai hankali zai ajiye. Ni kuwa tunanina yana kan idanun saƙa, kada su zame daga kibiya. Sai na rungume jakar a ƙirji, na ce masa da muryar aji, "Yaro, ba a taɓa mini aiki."

Ban san wanda ya fara gudu ba. Na dai ga mai shayi ya bar tukunyarsa, wata mata ta suri ɗanta takalminta ɗaya a baya. Kafin in ankara fili ya buɗe, daga ni sai Rahila tana kuka tana cewa saƙa ce, sai ɗan sanda da bindiga a saitina. Aka sa ni na durƙusa a bakin kwata. Ɗankwalina ya faɗi ciki, furfurata a waje (ni da ko jikokina ba su taɓa ganin kaina a buɗe ba).

Daga nesa suka umarce ni in fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Da hannuna na zare kibiyoyin, ina kallon idanun saƙar suna zubewa. Na ɗaga ƙwan lantarkin sama. Wata murya daga bayan mota ta ce, "Ashe Malama ce. Wallahi ta taɓa zane ni a kan aljihu." Dariyar da ta biyo baya irin ta mutanen da suka gama tsorata ce, mai tsawo, marar daɗi.

Ishaku ne ya ratso taron, ya nuna shaidarsa, ya ba su haƙuri, ya ɗaga ni. Direba yana ta danna ham, domin duk motar da ba ta wuce shingayen hanya da rana ba, a daji za ta kwana.

Ishaku ya kakkaɓe mini zani yana murmushi, ya ce, "Mama, ba ni wadda aka gama. Yau ƙafar dama, gobe ta hagu."

A nan ne ainihin abin kunyar, ba a bakin kwata ba. Gwiwata da laka, kaina babu ɗankwali, amma na buɗe baki na ce, "Ba a ba da rabin aiki. Zan aiko maka da su a cike."

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya ce, "To, Mama." Ya shiga mota.

Na kai shekarun da ba a koyon sabon abu, amma na koyi wannan: buhun gyaɗa a ƙafa ya fi dunduniya mai kyau a jakar tsohuwa. Turawan da suka koya mini fitar da dunduniya ba su gaya mini haka ba, ko kuwa sun faɗa ranar da nake can ina warware aikin wata.

Kafin in sami wanda zan aika, an tayar da rundunarsu zuwa wani wuri, waya ta daina shiga. Ishaku bai dawo ba. Safar suna cikin akwatina, ɗaya da dunduniya, ɗaya babu.