Ranar da Na Ba Sanusi Kujerar Kansila a Legas

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan Ammi Usman, wani dattijon majalisarmu, a unguwar Rusaifa ta Makka ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni, ya kuma mantar da duk wanda ya halarta. Yawancin shaidun dai sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun koma gida Najeriya, amma 'yan kaɗan da suka rage ƙwaƙwalwarsu garau take, kuma ba sa gajiya da ba da labarin. Gara in ba da shi da bakina.

A lokacin ina tsaron wani shago a Misfala, muna sayar wa alhazai darduma da carbi da turare. Bayan shagon akwai wani ɗan lungu mai inuwa, inda dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, a dafa shayi da na'ana'a, a kawo dabino, a buɗe hira. (Yanzu dogon otal ne a wurin. Duk lokacin da na wuce sai na ji kamar in yi wa gilashin sallama.) Ban taɓa samun majalisar da ta kai wannan daɗi ba. Hausa ake yi, amma Hausar da ta sha Larabci ta ƙoshi, mutum zai fara magana da "wallahi ya sheikh" ya ƙare da "ka ji fa".

Dattawan nan suna da ƙishirwar labarin duniya, sai dai idanunsu sun gaji da ƙananan rubutun waya. Ni kuwa ga ido, ga waya, ga baki. Da haka na zama mai karanta musu labarai. Da farko karatu kawai nake yi. Sannu a hankali na fara ƙara gishiri, daga nan na koma sharhi. Yaƙi a wata ƙasa, tashin farashin mai, faɗuwar naira, taron shugabanni, babu wanda ba ni da fatawa a kansa. Idan na ce, "Ai ni tuni na hango haka," sai su gyaɗa kai, a ƙara mini shayi.

Amma fagen da na fi ƙarfi shi ne Legas. Dalili kuwa, na taɓa ce musu na zauna a can. Gaskiyar magana, na raka kawuna ne sau ɗaya ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa, muka yi 'yan kwanaki muna kwana a cikin motar kaya, sauro na cin rabonsa. Yarbancin da na koyo bai wuce gaisuwa da "nawa ne" ba. Amma a lungun Misfala kwanakin nan suka yi ta girma har suka zama shekaru, ni kuma ban taɓa tsayar da su ba.

Ammi Usman, wanda a Makka aka haife shi, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Sakkwato, bai taɓa ganin Najeriya ba. Yakan tambaye ni, "Ya waladi, wai Legas ɗin nan ta fi Jidda girma?"

Sai in gyara zama in ce, "Ammi, ai Jidda unguwa ce a Legas. Can gada ma a kan teku take, kana tafiya kifi na kallon ka."

Mutum ɗaya ne a majalisar da ya san Legas da gaske, wato Baba Ilu. Ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin goro a Agege kafin ya zo Makka ya zauna. Shi mutum ne marar yawan magana. Idan ina zuba sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi, wani lokaci ya yi ɗan murmushi. (A lokacin na ɗauka murmushin yarda ne. Allah sarki.) Babban ɗansa Sanusi a Agege ya girma wurin dangin mahaifiyarsa, can ya yi aure, can yake kasuwanci. Da Sanusi ya aiko cewa jama'ar unguwarsu sun matsa masa ya tsaya takarar kansila, Baba Ilu ya ce bai yarda ba, siyasa ba gadonsu ba ce. Sanusi ya tsaya duk da haka. Tun daga nan gaisuwar wayar da ke tsakaninsu ta koma "lafiya lau" da "to madalla".

Amma uba uba ne. Kullum idan majalisa ta fara watsewa, Baba Ilu zai matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Ɗana, me ake cewa a kan yaran nan na Agege?"

Ba ya taɓa ambaton sunan Sanusi. Ni kuwa na riga na shiga duk wani zauren waya na magoya bayansa, don haka kullum labarina ɗaya ne: Sanusi ya gama cin zaɓe, ranar kawai ake jira. Ban taɓa tunanin cewa wanda ya shiga zauren masoya ba zai ji komai ba sai yabo.

Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, walimar ɗan Ammi Usman ta faɗo washegarin zaɓen. An kama wani babban zaure a Rusaifa, maza a gefe guda, mata a ɗaya gefen bayan bango, lasifika na kai musu abin da ake faɗa. An jera manyan farantan shinkafa da naman rago, hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina, samari 'yan Makka cikin fararen riguna suna zagayawa da gahawa. Ni ma na sha sabuwar shadda, na kafa hula.

Baba Ilu na zaune kusa da ni, ya kasa cin abinci. Tun safe wayar Sanusi a kashe take.

Na ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka. Ai haka manya suke yi. Wanda ya ci zaɓe ba ya ɗaga waya, jama'a sun yi masa yawa."

Ban rufe baki ba sai ga wani bidiyo ya shigo wayata, wani ya turo ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Na buɗe. Titi ne cike maƙil da mutane, ga ganguna, ga rawa, mata na kaɗa gyale. A tsakiyarsu wasu ƙarti huɗu sun ɗauko wani ƙaton hoton Sanusi a kwance a kan katako, sun ɗora a kafaɗa, suna tafe suna rangaji, ana rera waƙa da Yarbanci.

Murna ta kama ni. Na miƙa wa Baba Ilu wayar. Ya kanne ido, ya kai ta kusa da hanci, ya mayar da ita nesa.

"Ba na gani sosai, kuma hayaniya ta hana ni ji. Me suke cewa?"

Da ina da hankali, da na ce masa ban sani ba. Baba Ilu ya fi ni jin Yarbanci nesa ba kusa ba, da na ja shi waje ya saurara da kansa, da magana ta ƙare a nan. Amma ta yaya masanin Legas zai ce bai ji ba? Na kara wayar a kunne, na lumshe ido, har da gyaɗa kai.

"Cewa suke yi, ya hau, ya hau, babu mai sauke shi."

Kuma ban tsaya nan ba. Wani abu ya tsikare ni, na miƙe na ratsa tsakanin farantai, na nufi mai gabatarwa, na karɓi makirufo daga hannunsa yana tsakiyar yi wa ango addu'a. Na yi gyaran murya irin ta masu karanta labarai.

"Jama'a, assalamu alaikum. Labari da ɗumi-ɗuminsa daga birnin Legas. Allah ya haɗa mana farin ciki biyu a rana ɗaya. Sanusi ɗan Baba Ilu ya lashe zaɓe da gagarumin rinjaye!"

(Gagarumin rinjayen nan daga aljihuna na ciro shi. Ko bidiyon bai faɗa ba.)

Zauren ya kaure da kabbara. Daga bayan bango guɗa ta tashi. Samarin da ko sunan Agege ba su taɓa ji ba suka yi ta "Mabruk, ya ammi! Alf mabruk!" suna sumbatar kan Baba Ilu. Ammi Usman ya rungume ni yana cewa, "Wallahi kai ne ka faɗa tun farko, ya sheikh!" Wani ya yi alkawarin rago. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka, ana turawa.

Aka tallabo Baba Ilu zuwa gaba, aka ba shi makirufo. Ya kai shi bakinsa. Sai ga hawaye na bin gemunsa. Tunda nake da shi ban taɓa ganin haka ba.

"Na hana yaron nan," in ji shi. "Na yi fushi da shi. To ku shaida, a wannan gari mai alfarma, na yafe masa. Allah ya yi wa Sanusi albarka. Ɗa ne na gari, bai taɓa saɓa mini ba sai a wannan."

Aka amsa da amin mai ƙarfi. Ni ina tsaye a gefensa, ƙirji a buɗe, kamar ni na kaɗa ƙuri'un duka.

Sai wayar Baba Ilu ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya miƙo mini in duba masa. Sanusi ne. Na ɗaga hannu na ce a yi shiru, mai girma kansila ne da kansa. Na buɗe muryar wayar, sannan da hannuna, ba wanda ya sa ni, na kara ta a bakin makirufo don kowa ya ji, har mata.

Muryar da ta fito a dishe take.

"Baba, ina wuni. Baba, na kunna waya yanzu na tarar da saƙonni daga Makka ana ta yi mini barka. Wai wa ya ce muku na ci?"

Ka san irin shirun da ake yi idan liman ya yi mantuwa a tsakiyar sura? To wannan ya fi shi. Kawuna suka juyo gare ni ɗaya bayan ɗaya.

Na tattaro sauran ƙarfina na ce, "Ranka ya daɗe, ai mun ga bidiyon. Ga jama'a nan sun ɗauko hotonka suna rawa."

Sanusi ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Bawan Allah, waɗancan mutanen abokin takarata ne. Makara suka yi wa hoton. Jana'izar siyasata suke yi. Waƙar cewa take na tafi, ba ni dawowa. Na faɗi, Baba. Kunya ce ta hana ni kiran ka."

Daga ɓangaren mata wata tsohuwa, wadda da alama ba ta ji da kyau ba, ta ƙara rangaɗa guɗa ita kaɗai, sai aka ji an yi saurin tsayar da ita. Wani saurayi a bayana ya tambayi abokinsa da Larabci me ya faru, aka fassara masa, ya toshe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na girgiza. Na dubi ƙasa ina neman rami, babu, sai kafet mai kauri. Zufa ta jiƙa sabuwar shaddata har baya. Ammi Usman, wanda hannunsa ke kafaɗata tun ɗazu, ya zare shi a hankali kamar mai gudun kada a gani.

Abin da ya fi kunyar ciwo shi ne fuskar Baba Ilu. Na sa dattijo ya yi kuka a gaban jama'a a kan abin da babu. Na jira ya juyo ya wanke ni tas, kuma da ya yi, da na ce ya yi daidai.

Bai ko dube ni ba. Ya karɓi wayar daga hannuna, ya share gemu da bayan hannu.

"Sanusi."

"Na'am, Baba."

"An turo maka abin da na faɗa yanzu?"

"An turo, Baba. Na gani."

"To yana nan yadda yake. Albarkar da na sa maka ba ta kansila ba ce, taka ce. Kukan ma na riga na yi, ba ya komawa. Ka ci abinci?"

Muka ji Sanusi ya fashe da kuka a can Agege, ta cikin lasifikar zauren biki a Rusaifa. Baba Ilu ya kashe muryar, ya ja gefe da wayarsa. Suka daɗe suna magana, irin doguwar maganar da suka yi watanni ba su yi ba.

Ni dai na lallaɓa ta ƙofar masu kawo abinci na fice, ko takalmina ban tsaya nema ba, na zura na wani. Na yi kwanaki ina zagaye lungun majalisa ta wata hanya. Daga baya Baba Ilu da kansa ya leƙo shago, ya tsaya yana juya carbi kamar mai ciniki.

Na ce, "Baba, ka yafe ni."

Ya ce, "Taso mu je, shayi na hucewa. Amma daga yau abin da aka rubuta za ka riƙa karanta mana. Abin da ka fahimta ka bar shi a shago."

Na koma. Ina isa Ammi Usman ya ɗaga kofi ya ce, "Ahlan, ahlan! Ku matsa wa Hukumar Zaɓe!" Sunan ya bi ni har yau. Akwai yaran da aka haifa bayan abin, waɗanda ba su san sunana na yanka ba, sai dai "Ammi Hukuma". Matata ma idan na ce mata gobe za a yi zafi, sai ta ce za ta jira sanarwa daga wata majiyar.

Baba Ilu ya rasu bayan 'yan shekaru, aka yi masa salla a Harami. Sanusi ya zo, muka gaisa, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce ni kaɗai ne na taɓa ba shi kujera, kuma bai manta ba. Bai sake tsayawa takara ba.

Abin da na koya kuwa bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Kalmar "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Sannan idan ka ga mutane sun ɗauki ɗan'uwanka a kafaɗa suna rawa, kafin ka karɓi makirufo, tambayi inda za su kai shi.