Hular Kwanon Sahabi Ta Tsage a Kwanar Wagini

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da wuyan da har yau ba ya juyawa hagu, ni Sahabi ɗan kabu-kabu na tashar Batsari, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da na tsiya, rasuwar hular kwanona. Ta rasu da hantsin ranar kasuwar makon jiya, a kwanar da ke gaban Wagini, tana da shekara huɗu a duniya. Mutuwar fuju'a ta yi, kuma a bakin aikinta.

Marigayiyar ja ce, mai buɗaɗɗiyar fuska. Tare da babur ɗina aka ba ni ita. Ina neman gafararta, domin shekararta ta farko a bayan rumbu ta yi, kaza na saka ƙwai a cikinta. Matata Fauziyya ce ta tsamo ta, ta wanke ta da sabulu, sannan wata safiya ta tare ƙofar zaure riƙe da ita. Ta ce, "Baban Mahfuza, ko ka fita da ita a ka, ko ka bi ta kaina da babur ɗin. Ni ban shirya takaba ba." Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Ba ta da yawan magana. Da safe in na ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, takan ce ƙyas, sau ɗaya, shi ke nan mun gaisa. In na wuce ƙima a gudu sai ta kama yi mini fito a kunne, fiii, ba ta dainawa sai na sassauta totur. Ita ta hana ni amsa waya a kan hanya, don ba ta bar wa wayar wurin shiga ba, dole in gangara gefe in tsaya. Ta sha ranar bazara, ta sha ruwan Agusta, ta sha zufata, ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Amma abin da ta fi sha shi ne ba'a. A tasha Kwanon Tuwo ake ce mata. Limamin masu ba'ar kuwa taubashina ne, Salmanu ɗan kawuna, mutumin Safana, shi ma ɗan kabu-kabu. Da ya hango ni sai ya zo ya ƙwanƙwasa ta da makulli, ya ce, "Taubashi, a kawo miya ne?" In an gama dariya ya ƙara da cewa, "Wanda kwanansa ya ƙare, ko tukunyar ƙarfe ya kifa a ka sai ya tafi." Wannan Salmanu ranar da ya sayi babur ya cire madubansa biyu, wai suna ɓata masa kwalliya. Birkinsa ya cinye tun damina, da takalmi yake ƙarasa tsayawa. Kansa kuwa kullum zanna ce a karkace, ta sha guga.

Ga yadda ajali ya zo. Na ɗauko buhun wake daga Wagini zan kai kasuwa, ina hannuna, ina tafiyata a hankali. Wata a-kori-kura ta tsaya cak a tsakiyar kwana tana lodin awaki. Direbanta, wani Jamilu, bai sa sigina ba, bai sauka daga kwalta ba, ko ganye bai jefa a hanya don na baya su ankara ba. Salmanu ya taso daga Batsari a guje, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Sai da ya zo daf ya ga motar, ya taka birkin da babu, ya kauce ya faɗo hannuna. Abin da na gani na ƙarshe haƙoransa ne, domin dariya yake yi da na cikin wayar.

Na tashi sama, na sauko da ka a bakin kwalbati. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce ƙwas! Ta rabe biyu daga goshi har ƙeya, kamar ƙwaryar da saniya ta taka. Na tashi zaune, na laluba kaina, na same shi guda ɗaya. Jamilu ya ja motarsa ya ƙara gaba, ya bar awaki biyu suna cin wakena. Salmanu yana kwance a kwalta, jini na bin kunnensa. Zannarsa tana can gefe, ko datti ba ta yi ba. Wayar ma ba ta fashe ba, na ciki yana ta faman, "Salmanu, kana ji na?"

A asibiti a Katsina likita ya juya ɓarin hular a hannunsa, ya bi tsagin da yatsa, ya ce, "Malam, wannan tsagin naka ne. Ita ta karɓa maka."

Ta rasu ta bar ni, da sagaggen wuya da gwiwa a ƙuje. Ta bar Fauziyya, wadda ta tsira daga takaba. Ta bar 'yata Mahfuza, wadda har yanzu tana da uba. Ta bar babur ɗina a wajen bakanike, gabansa a lanƙwashe. Ta kuma bar 'yan uwanta masu yawa a ƙasar Batsari da Safana, kowace tana aikin da ba nata ba: wata ana auna dusa da ita, wata tana rufe bakin randa, wata tana ka amma ba a ɗaure ba, don ta riga mai ita sauka ƙasa. Masu waɗannan huluna duk sun zo yi mini jaje, kai tsirara, uku-uku a babur guda, suna tsere. Allah ya ba da ladan zumunci, ya mai da su gida in sun yarda.

Ga tsarin jana'iza. Ba wanka, ba binnewa. Ranar Asabar bayan Azahar za a haɗa ɓarinta biyu, a ɗaure da waya, a rataye ta a darbejiyar tasha, inda ta fi shan wulaƙanci. Za a yi zaman makoki na kwana uku a ƙarƙashinta. Ba a buƙatar gero, ba a buƙatar goro. Duk ɗan kabu-kabun da ya zo, ya sa yatsa a tsagin, sannan ya shafa kansa ya ji irin taurinsa. An keɓe wa direba Jamilu tabarmar gaba, awakinsa kuma suna wurin mai unguwa, ya zo da kansa ya karɓa. Magajiyar marigayiya ta riga ta iso, baƙa ce, mai sauran ba'a a baki yana iya zuwa ya fara.

Salmanu ba zai samu halarta ba. Jiya na koma asibitin da kaina don in isar masa da sanarwa, na tarar matarsa Asama'u tana ba shi kunu da cokali, rabi na shiga, rabi na bin haɓa. Na ajiye masa ɓarin hular a kan gado, na ce, "Taubashi, Kwanon Tuwo ta mutu, tashi ka yi dariya." Ya dubi hular, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya wajen matar da suka yi shekara goma sha ɗaya tare, ya ce, "Baiwar Allah, wannan mutumin wa yake nema?"