Rasuwar Kwamfutar da Ta Gyara wa Mijina Murya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da har yanzu ba ta ɗaguwa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin ɗakin baya, bayan gajeriyar jinya ta bugu huɗu. Kada a wahala neman wanda ya kashe ta. Ni ce.

Marigayiyar mai rufa asiri ce. Shekara uku tana zaune da jikata, wadda muke kira Kanari don zolaya, a ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna. Yarinyar nan in ta ɗaga murya, kajin maƙwabta sai sun watse. Amma a cikin marigayiyar akwai wata manhaja mai gyaran murya: a zuba mata waƙa karkatacciya kamar ƙafar kare, ta miƙe ta sumul. Ba ta taɓa tona kowa ba. Da an kunna ta sai ta ce "tin-din", ta ja numfashi "fuuu", ta kama aiki.

Ajali ya biyo ta ta wani tsohon kaset. Marigayi mijina tela ne. Yakan rera waƙa yana taka keke, allurai cike da bakinsa, muryar tana gurguntawa, tana tsinkewa, tari yana ratsa ta. Kaset ɗaya ya bar mana. Kanari ta juye shi cikin kwamfutar, washegari rediyo ya tauna zaren. Sai ta ce bari ta yi mini kyauta.

Ta zaunar da ni ta kunna. Jama'a, wani saurayin ƙarfe na ji yana "yiii-iii", santsi kamar an shafa masa mai. Babu allura, babu tari, babu mijina. Shekara arba'in da ɗaya ina masa gorin muryar nan, ban taɓa cewa a gyara ta ba.

Ban san lokacin da na ɗauko dutsen guga ba. Bugun farko ya tsaga fuskar kwamfutar. Na biyu ya watsa haƙoranta har ƙarƙashin gado. A na uku ta yi "ƙiii", hayaƙi ya fito. Na huɗu na sauke shi a tsakiyar cikinta da hannu biyu, daidai lokacin da Kanari ta riƙe ni tana kururuwa: "Kaka! Muryarsa ta asali tana ciki! Abu ɗaya za a danna ta dawo!"

Mai gyara ya buɗe gawar, ya zazzage ma'ajiyarta a tafin hannu kamar fasasshen madubi, ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar makirufo ɗaya, lasifika biyu da suka kurumce, caja marainiya, da Kanari, wadda kwana uku ke nan ba ta ce mini ko sannu ba. Ban ga laifinta ba. Waƙoƙinta goma sha bakwai sun bi marigayiyar.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da safe, a cikin kwalin da ta zo da shi. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai ɗauke ta. Za a zauna karɓar gaisuwa a ɗakin baya. Kada a kawo komai. Sai dai tsofaffin telolin da suka yi shago ɗaya da mijina, ina roƙonku ku zo ko da sanda ne. Farkon waƙar na riƙe. Ƙarshenta ne na nema jiya na rasa.