Takalman Darakta

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa da ya ba mu Darakta. Wasu sai sun yi karatu suke samun ilimi, shi kuwa da nasa aka haife shi. Ko hular da yake juyawa baya ta san fim. Ido-Gado muke kiransa, don ba ya wuni bai tuna mana cewa marigayi mahaifinsa mai hoto ne ba.

Fim ɗinsa a kan jarirai biyu ne da aka musanya a asibiti. Ɗan ɓarawo ya tashi a gidan malami ya yi sata, ɗan malami ya tashi a gidan ɓarawo ya yi wa'azi.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji shi. "Tarbiyya fenti ce, jini shi ne bango."

Aka ba shi aron wani tsohon ɗakin haihuwa na wuni ɗaya tak, washegari za a rushe shi. Gwaggonsa da ta raine shi ya sa ta fito a ungozoma. Da mai kyamara ya kawo shawara, sai Darakta ya karɓe kyamarar.

"Kai koya ka yi, ni gada na yi. Je ka riƙe fitila."

Aka wuni ana ɗauka. Gwaggo ta musanya jarirai sau goma sha ɗaya, har bayanta ya ƙage.

Washegari, ana can ana rusau, aka taru a ga abin da aka ɗauka. Ashe tun farko sau biyu ya danna maɓallin, abin ya juye masa. In ya ce a fara, ya kashe. In ya ce a tsaya, ya kunna, ya sauke kyamarar tana kallon ƙasa. Awa uku babu jariri, babu Gwaggo, sai takalmansa masu ƙyalli suna kai da kawo, muryarsa tana bayanin gado.

Ya yi gyaran murya. "To, ga hujja nan. Marigayi ma yakan yi mantuwa. Jini ne."

"Kar ka yi wa yayana ƙarya yana kabari," in ji Gwaggo. "Shekara arba'in yana hoto, ko kunnen mutum bai taɓa yankewa ba."

"To, sai dai ko tarbiyya, Gwaggo."

"Ni na koya maka leƙa tukunya kafin ka kira mutane cin abinci." Ta miƙe tana dafe da baya. "Ubanka bai ba ka ba, ni ban ba ka ba. Wannan kam, ɗan nan, guminka ne. Sa sunanka a kai da manyan baƙi."