A Sa wa Kaka Caji

Ko da zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun surukina a Likoro ba.

Ni dai littattafan soyayya ne suka rene ni. Ina tuƙa tuwo, hankalina yana can wani gidan bene inda masoya ke zubar da hawaye kamar lu'ulu'u. Don in samu sararin karatu, sai in miƙa wa 'yata Ummi waya. Kafin ta cika shekara uku ta iya goga yatsa ta buɗe, ta tsallake talla, ta ware yatsu biyu hoto ya girma. (Har alfahari nake wa maƙwabta, wai na haifi injiniya.) In fuskar wayar ta yi baƙi ta kawo mini, sai in ce, "Ta mutu, ɗauko caja."

Surukata Inna ta daɗe tana son a ba ta yarinyar ta riƙe. Kullum amsata ɗaya: sai ta ƙara wayo.

Ranar, tsakar gida cike da mata, kowa da carbinta. Ummi ta leƙa ɗakin kakanta ta fito.

"Inna, ina Kaka?"

"Ya rasu, 'yar nan."

"Mene ne rasu?"

Wata gwaggo ta ce, "Ya mutu."

Yarinyar nan ko a jikinta. Ta zo ta zazzage jakata a gaban jama'a (littattafai biyu suka faɗo, bangonsu da masoya riƙe da fure), ta zaro caja ta kai wa Inna.

"Ungo, ki sa masa. Zai tashi."

Sannan ta dangwali hoton marigayin da ke jingine bakin ƙofa, ta goga, ta sake gogawa. "Kin gani? Ba ya motsi."

Da ma an yi dariya, da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Inna ta riƙe cajar nan tana kuka, har ta gaji. Can ta share ido ta dube ni.

"Wayon da ake jira ke nan? Ki bar mini ita."

A littafi, nan ne jaruma ke miƙewa ta yi jawabin da zai girgiza zukata. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna."

Na koma gida Makarfi da littattafaina da cajata, bayana ba goyo.

Ashe abin da ka miƙa wa ɗanka don ka huta, shi ne uwarsa. Yanzu sarari ya ishe ni, ko shafi ɗaya ba na iya gamawa. Duk Juma'a nake kiran wayar Inna. Ummi ce ke ɗagawa da kanta, bugu ɗaya. Ni na koya mata.